Na Ce Mata Dubiya Za Mu

Inna Sharifa,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ki ba ni shawara, domin na shiga wani hali da na rasa ta inda zan fita, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a nan ba tare da maganar ta zagaye unguwa ba. Daga Njamena nake rubuto miki, a ƙasar Chadi. Mujallarku tana iso mana ta hannun direbobin Maiduguri, wani lokaci sai ta tsufa kafin ta zo, amma ba na barin filinki ya wuce ni. Ki yi haƙuri da Hausata. Mu jikokin maniyyata ne da suka taso daga ƙasar Katsina za su Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a nan suka zauna. A gida muke Hausa, a titi Larabci, a wurin aiki Faransanci. In kin ga kalma ta karkace ki gyara.

Shekaruna arba'in da 'yan kai. Na gama lise, wato sakandare, ban wuce nan ba. Ina aikin magatakarda a wani kamfanin dakon kaya. Ni mutum ne mai son tsari, wasu ma suna cewa ya yi yawa. Tun ina ɗan makaranta nake rubuta abin da ya same ni kowace rana, kuma na fi iya magana da takarda a kan mutane. Wannan wasiƙar ma sai da na yaga ta na sake.

Matata sunanta Zaliha, mun kusa shekara ashirin da aure. Muna zaune a gidan gado a unguwar Bololo tare da mahaifiyata, wadda kowa ke kira Goggo. Zaliha tana haɗa turaren wuta da humra, kuma hannunta ya yi suna, matan manyan gari suna aiko mata. Ba mu taɓa yin faɗan da maƙwabta suka ji ba. Amma akwai abin da nake so ki sani tun yanzu: ban taɓa ganin matata tana cin abinci ba. A gidanmu maza suna ci a zaure, mata a ciki. Ko a ɗaki ta kawo mini, sai ta ajiye ta zuba ruwa ta fita. Haka kakarta ta tarbiyyantar da ita, haka na ga Goggo ta yi wa mahaifina har ya rasu, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Bara muka aurar da babbar 'yarmu. Da ta tafi gidan ya yi shiru, domin ita ce mai surutun, ita ce mai kai magana daga ɗakin uwarta zuwa wurina ta dawo da amsa. Sai na lura ni da Zaliha ba mu da hira sai ta cefane da gawayi da ko an kawo wuta. Na fara jin tsoro. Na ce in sauran yaran suka watse, me zai rage tsakanina da baiwar Allahn nan?

Akwai wani abokin aikina, Falalu, ɗan Kano ne da bai daɗe da zuwa ba. Shi yakan fita da matarsa cin abinci, ya dawo yana ba mu labari. Da na ɗan taɓa masa zancen, ya yi dariya ya ce mu Hausawan Chadi mun tsaya a zamanin da kakanninmu suka sauke kaya, in kai ta waje mana ta sha iska. Tun da aka fara haƙo mai a kudu an buɗe sababbin wuraren cin abinci a bakin kogin Shari, wasu har da makaɗa a ranar Asabar. Ya kwatanta mini ɗaya.

Inna, na shirya fitar nan kamar yadda nake shirya takardun mota mai tafiya Ngaundere. Na je ni kaɗai na duba wurin. Na zaɓi tebur a can gefen ruwa, nesa da inda ake sayar da abin sha da bai halatta ba. Na ɗanɗana kifinsu don in tabbatar. Na sami mawaƙin, wani dattijo mai waƙa irin ta Sudan, na ba shi sunan matata, na gaya masa sana'arta, na roƙe shi ya ambace ta a waƙa kamar yadda suke yi wa baƙi. Na kai shadda ɗinki. Abu ɗaya ne ban shirya ba, shi ne yadda zan gaya mata.

A gidanmu matar aure ba ta fita bayan magariba sai da dalili: dubiya, ko gaisuwar mutuwa, ko haihuwa. Goggo kuma tana zama a tsakar gida a kan tabarmarta, ba mai wucewa ba ta tambaye shi ina zuwa ba. Ranar na tsaya a gabanta, Zaliha tana gefe tana kwashe shanya, sai harshena ya ƙi. Ta yaya zan dubi uwar da ta haife ni in ce zan kai matata jin kiɗa? Sai na ji bakina yana cewa Baba Haladu, ƙanin mahaifina da ke Habbena, ba ya jin daɗi, za mu je mu duba shi. Shi na zaɓa don unguwarsu da nisa, ba shi da waya, kuma ba ya yawan zuwa. Na ma lallashi kaina da cewa hakan ya fi, tun da Falalu ya ce mata suna son abin ba-zata.

Zaliha ta ajiye kayan shanya ta hura wuta. Ta dama kunun gyaɗa ta zuba a filas, don ba a zuwa wurin marar lafiya hannu biyu. Ta ɗauko tsohuwar laffayarta mai ruwan toka, wadda take zuwa asibiti da ita. Ba ta sa kwalli ba, ba ta shafa ko ɗigon turare ba, don ba a shiga wa majinyaci da ƙamshi. Ta zura silifa. Ni kuma na fito cikin sabuwar shadda tana ƙara, har Goggo ta ce da ni dubiya za ni ko ɗaurin aure. Na ga shigar da matata ta yi, na san akwai gyara, amma Goggo tana kallo. Na ce a raina a mota zan faɗa mata. Tasi kuma ta zo cike da fasinja, har da wani ɗan unguwarmu. Da muka sake mota, ta ga mun nufi bakin kogi maimakon gabas wajen Habbena, Zaliha ta dube ni sau ɗaya, ta mai da kanta ga taga.

Ban san ko kin san matan garin nan ba. In za su fita taro, kwanaki suke yi suna shiri: lalle har gwiwar hannu, dilka, kitso, su zauna a kan hayaƙin itace mai ƙamshi har ya kama fata. Zaliha ta fi kowa sanin wannan, da shi take ci. To cikin irin waɗannan matan na shigar da ita, da silifa da filas ɗin kunu a hannu, fitilu ko'ina kamar rana. Ba mu gama zama ba wata mata ta taso daga teburin kusa, zinariya har wuya, ashe mai sayen turarenta ce. Ta rungume ta tana gaisuwa da Larabci da ƙarfi, sannan ta dubi laffayar, ta dubi filas, ta tambaya ko daga asibiti muke, wa ke kwance. Zaliha ta ce kowa lafiya. Ta tura filas ɗin ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Aka kawo giwan ruwa gasasshe da soyayyen dankali da karkanji mai sanyi, wato zoɓo. Teburin ƙarami ne, muna fuskantar juna, gwiwa na kusan taɓa gwiwa. Ba ta taɓa komai ba. Na ce ta ci, ta ce ta ƙoshi. Na sake cewa, ta ce in ci kawai, Malam, haka take kirana. Sai a lokacin na tuna abin da na sani shekara da shekaru. Matar da ba ta taɓa kai loma baki a gabana a cikin ɗakinta ba, ita na zaunar a gaban jama'a na ce ta ci. Don kada abincin ya zauna haka, na ci nawa ni kaɗai, ina jin ƙarar cokalina a kan faranti. Mai hidima ya zo ya tambaya ko madam ba ta son kifi ne a sauya mata.

Kiɗan kuwa, in faɗi gaskiya, ya yi daɗi. Garaya da jita da akodiyon, ga iska tana tasowa daga ruwa, ga fitilun garin Kusiri na Kamaru a tsallake. Akwai lokacin da na ga yatsanta yana bugun gefen kujera a hankali yana bin ganga. Ban sani ba ko idona ne ya ga abin da yake so. Ina cikin wannan sai mawaƙin ya sauko da abin magana a hannu, ya nufo mu, aka juyo da fitila kanmu. Ya kira sunanta. Ya waƙe ta da cewa ita ce wadda ƙamshinta ke riga ta shiga gida, wadda amare ke layi a ƙofarta. Mutane suka juyo gaba ɗaya don su ga wannan mata. Al'adar nan ita ce wanda aka waƙe ya miƙe, mijin ya ɗaga hannu yana kaɗa yatsu a kanta, mata su yi guɗa. Na miƙe na ɗaga hannu. Ita ta ja laffaya ta rufe fuskarta. Na tsaya ni kaɗai da hannu a sama har waƙar ta wuce wani tebur. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, in mai da ita gida don Allah.

A bakin ƙofar wurin ta tsaya ta juye wa wani dattijon maigadi kunun a kwanonsa. Ban gane dalili ba sai da muka isa gida. Goggo ta tambayi jikin Baba Haladu, ni na kasa ɗaga kai, Zaliha ta ce da sauƙi, ya sha kunun, yana gaishe ta. Ta nuna filas ba komai a ciki.

Da nan abin ya tsaya da na ce na ji kunya na wuce. Amma ranar wata Juma'a sai ga Baba Haladu a kan kekensa bayan masallaci, garau, yana neman a ba shi shayi. Goggo ta yi masa sannu da jiki, ya yi dariya ya ce shi ko ciwon kai bai yi ba tun damina. Goggo ba ta dube ni ba, Zaliha ta kafa wa ido. Bayan haka labarin waƙar ma ya iso Bololo ta bakin waccan matar. Goggo ta haɗa biyun ta yanke hukunci: surukarta ce ta ja ɗanta otal, ta kuma dubi tsabar idonta ta yi mata ƙarya. Ta ce ita ta san ɗanta, ba zai iya kitsa wannan ba. Yanzu da ƙyar take amsa gaisuwarta, abinci kuma sai ƙanwata ta aiko mata daga unguwar Amrigebe. Ina zaune aka yi duk wannan, ban ce uffan ba. Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa, in tsara maganar a hanyar aiki, in dawo in ga fuskar Goggo, in wuce ɗaki.

Zaliha ba ta tona ni ba. Ruwan wankana, abincina, gugata, ba abin da ya sauya. Sau ɗaya kawai ta tambaye ni me ta yi mini da na zaɓi in kunyata ta a gaban masu sayen kayanta. Na tashi na fita zaure. Yanzu ta nemi izini za ta je wurin yayarta a Abeshe bayan Sallar Layya. Na tambayi yaushe za ta dawo, ta ce sai yadda ta gani. Abeshe ba nan kusa ba ce, Inna, kuma a danginsu akwai waɗanda suka tafi haka ba su dawo ba.

In na hana ta, na ƙara zalunci a kan zalunci. In na bar ta, ina tsoron na rasa ta. In na faɗa wa Goggo gaskiya, ban san da wane ido za ta ƙara kallona ba, ga ta da hawan jini. Wani lokaci har ina tunanin ko dama can Zaliha haƙuri kawai take yi da ni, ba so ba, fitar nan ce ta nuna. Ni dai na so in faranta mata ne, wallahi. Ki gaya mini abin da zan yi.

Naki,
Mai Neman Mafita, Bololo, Njamena

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana na Bololo. Hausarka ba ta da abin gyara, halinka ne ke da shi, kuma ba babba ba ne yadda kake tsoro.

Bari in fara da abin da ya yi kyau. Namiji ya kai shekara arba'in, ya dubi matarsa ya ce ina so in san ta fiye da haka, wannan ba abin kunya ba ne. Da yawa ba sa ma lura gidan ya yi shiru. Fita da iyali cin abinci a wuri mai mutunci ba laifi ba ne. Niyyarka ta yi, kada ka bari abin da ya biyo baya ya sa ka tsane ta.

Amma ka shirya wa kowa ban da mai abin. Ka yi magana da mai wurin, da mawaƙi, da tela, ka bar Zaliha ita kaɗai a duhu. Kai ka fito da sabuwar shadda don ka san inda za ka, ita ta fito da kayan asibiti don ta yarda da maganarka. Mace mai sana'ar ƙamshi, jikinta shi ne tallarta. Ba cin kifi ya dame ta ba, ba ma waƙar ba. Da ta san da fitar, da wataƙila ta ji kunya ta rufe fuska tana murmushi a ciki. Abin da ya yi mata ciwo shi ne an ga ta yadda ba ta zaɓa a gan ta ba, kuma mijinta ne ya kai ta.

Duk da haka ba wannan ne zai kai ta Abeshe ba. Daren ya wuce, mata suna yafe abin da ya fi shi. Abin da bai wuce ba shi ne wanda ake yi kullum a tsakar gidanku: tana ɗauke da laifinka a gaban mahaifiyarka, kana wucewa ɗaki. Kowace safiya da Goggo ta ƙi amsa mata gaisuwa kana ji, sabon rauni ne, kuma kai ke yin sa, ba Goggo ba. Tsohuwa ta yi hukunci da abin da aka nuna mata.

Kana tambaya ko tana son ka. Matar da aka gama kunyatawa, ko gida ba ta kai ba, ta tsaya tana tunanin yadda za ta rufa maka asiri a wurin uwarka, har yau kuma ba ta buɗe baki ba alhali kalma ɗaya za ta wanke ta. Mai haƙuri kawai ba ta yin wannan. Ka daina neman hujja, ka riga ka samu, ka fara tunanin yadda za ka cancanci abin.

Ita ma ina da magana a kanta, in za ka karanta mata. 'Yata Zaliha, rufin asirin miji alheri ne, amma ƙaryar da kika ƙara a kan tasa ita ta ɗaure ki. Shiru da tafiya ba sa gyara gida. Mijinki ba mugu ba ne, matsoraci ne a gaban uwarsa, kuma irinsu sai an faɗa musu abu ƙarara suke ji. Ki gaya masa abin da ke ranki ko da sau ɗaya, da duk zafinsa.

Yanzu ga aikinka. Ka sami Goggo da rana, bayan ta ci abinci ta sha maganinta, a inda Zaliha za ta iya ji. Ka durƙusa ka ce kai ka ƙirƙiri ciwon Baba Haladu, kai ka zaɓi wurin, kai ka ba mawaƙi suna, matarka ba ta san komai ba sai da ta gan ta a can. Kada ka yi dogon bayani, kada ka sa Falalu a ciki. Goggo za ta yi faɗa, wataƙila ta yi kwana biyu ba ta kula ka ba. Hawan jini ba ya tashi don ɗa ya faɗi gaskiya, kuma uwa ba ta sallama ɗanta a kan kifi da garaya. Baba Haladu ma ka je ka ba shi haƙuri, ka ɗora masa ciwon da Allah bai ɗora masa ba.

Sannan ka ba matarka haƙuri da bakinka. Na san za ka so ka rubuta, kada ka rubuta. Ko muryarka na rawa, ko maganar ta fito a karkace, ita take so ta ji. Ka gaya mata abin da ka gaya mini, cewa gidan ya yi maka shiru kuma tsoron rasa ta ne ya kai ka ga wannan wauta. Ina kyautata zaton ba ta taɓa jin haka daga gare ka ba.

Batun Abeshe, kada ka hana. Ziyarar 'yar'uwa haƙƙinta ce, ta kuma gaji. Amma ta tafi bayan an wanke ta, ba kafin ba, domin wadda ta tafi da laifi a kanta ita ce ba ta dawowa. Ka yi mata guzuri mai kyau, ku tsai da lokaci tare, ka ce kai za ka je ka ɗauko ta, ka kuma je.

In ta dawo, kada ka yi gaggawar sake fita. Kunyar shekara ashirin ba a cire ta a dare ɗaya. Ka fara da shayi a ɗaki, ku zauna gefe da gefe, ba ido cikin ido ba, ka zuba mata da hannunka, in ba ta sha ba kada ka matsa. Ranar da za ku sake fita, ka faɗa mata tun da sauran lokaci, ita ta zaɓi wurin, ta yi lallenta, kai kuma ka tsaya a gaban Goggo ka ce za ka fita da matarka. Ba ka bukatar wani ya yi ciwo kafin ka yi haka.

Ka ce mujallar nan tana daɗewa kafin ta iso muku, ga Layya tana matsowa. Ina roƙon Allah ya sa kafin ka ga amsar nan ka riga ka yi abin da zuciyarka ta daɗe da sani. In kuwa ba ka yi ba, ka ajiye mujallar nan yanzu, sauran shafukan za su jira ka, ka tashi ka shiga wurin Goggo. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Zaliha, ya ƙara wa Goggo lafiya, ya zaunar da gidanku lafiya.

Taku,
Inna Sharifa